Rabona a Bindigar Baba

Ku da kuka tashi kuka tarar ba a zuwa Tchaké daga gidan nan, ba a kuma zuwa nan daga can, kowannenku ya ƙera wa kansa dalili. Na ji wanda ya ce na cinye wa yayana Ilya gado. Na ji wadda ta ce uwarku Zainabu ce ta shiga tsakaninmu, matar da ko kaji ke faɗa a tsakar gida sai ta tashi ta raba su. Duk na ji, na haɗiye, don a lokacin maganar ba tawa ba ce ni kaɗai. Yanzu sauran da ke cikinta duk sun riga mu gidan gaskiya, ni ma idon nan da ya yi shekaru yana leƙen cikin agogo ya fara yi mini gardama. Kafin ya ƙi alƙalami, ga yadda aka yi, kuma ba na son wani ya ƙara mata gishiri bayan raina.

Kakanku tsohon soja ne. Ya dawo Tchaké da gwiwa mai ciwo, da bargo mai kauri, da wata 'yar ƙaramar bindiga da yake kira fistole, wadda ba ta wuce tafin hannun ƙato ba. Ban taɓa ganin ya harba ta ba, ko a kan mahaukacin kare. Abin da na sani, kowace shekara in an gama kai hatsi rumbu, sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a zaure, ya warware ta gaɓa-gaɓa, ya goge, ya shafa mai, ya mayar. Yaya Ilya ba ya iya zaman kallon wannan, hankalinsa yana gona ko da jikinsa na gida. Yayata Rabi kuwa cewa take warin man yana sa ta ciwon kai. Ni auta ni ne mai zama, har ya kai shi ke warwarewa, ni ke haɗawa.

"Abin da ka hidda hwarko shi za ka maida ƙarshe," in ji shi. "Jera su daga hagu zuwa dama, ka kwashe su daga dama zuwa hagu. Ƙarhe ba ya ƙarya, Auta, mai hannu ke yi."

Da wannan karatun na ci abinci har tsufana. Lakwal, makarantar bokon da aka sa ni, ban yi nisa a cikinta ba, amma da na zo Tasawa na kafa tebur kusa da tasha, agogo da rediyo da tocila, kowanne a kan farin ƙyalle nake buɗe shi, daga hagu zuwa dama.

Da Baba ya ji jikinsa ya fara sanyi, sai ya tara mu mu uku. Ya warware bindigar kamar yadda ya saba, amma ran nan bai ce in haɗa ba. Ya ƙunshe hancin da ƙarfen samansa ya miƙa wa Yaya Ilya. Ya ƙunshe mariƙin da kunamar da ake ja ya ba Yaya Rabi, wadda lokacin tana aure a ƙauyen Gidan Amumune. Ni kuwa ya zuba mini ƙananan tarkacen a kwalin ashana. A cikinsu akwai wani siririn ƙarfe da yake kira allura, ita ce ke dukan harsashi ya tashi, in babu ita bindiga da muciya duk ɗaya ne. Na ji haushi ran nan, ba zan ɓoye muku ba. Ni da na iya ta, ni aka ba abin da kaza za ta iya haɗiyewa.

"Ran da ku ukun kunka yarda a haɗa ta, ku haɗa," ya ce, yana dariya yana tari. "Na san ku. Ko gishirin miya ba ku taɓa yarda a kai ba."

Da gardamarmu ya dogara, kuma shekaru masu yawa gardamar ta riƙe masa amana.

Shekarar da nake son ba ku labari, ruwa ya sauka da wuri. Gonarmu ta gado, wadda Yaya Ilya ke nomawa, tana iyaka da ta Idi, ɗan ƙanen Baba. Kun san iyakar gona a wajenmu ba katanga ba ce, layin gamba ne da kakanni suka dasa, sai kuma wani babban gawo da ke tsaye a ɓangarenmu. A shekarar Idi ya sayi garmar shanu, kuma garma ba ta da kunya irin ta hauya. Ya bi ta kan gambar ya tuge ta, aka wayi gari gawon ya koma cikin gonarsa, shi da ƙasar gindinsa da ta fi ko'ina taki. Yaya ya shuka wurin, aka tone. Ya sake shukawa, aka sake tonewa. Aka je gaban mai gari, ya ce a bari sai bayan kaka a zauna, alhali kowa ya san kafin kaka ko saiwar gamba ba za a samu ba da za a kafa shaida da ita. Duk wannan da Yaya zai iya daurewa. Abin da ya tsaya masa a maƙogwaro shi ne maganar da Idi ya yi a gaban jama'a bayan sallar Juma'a, wai lokacin da ubansa ke sare dajin nan da gatari, namu uban yana can yana goge wa Nasara takalmi.

Ranar kasuwar Tasawa Yaya ya iso. Ina sunkuye a kan wata rediyo sai inuwa ta tare mini haske. Na ɗaga kai na ga Yaya, ya rame, idanunsa sun yi ja, ga jakar fata ya matse a hammata kamar za ta gudu. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce in rufe tebur mu tafi gida. A zaure ya buɗe jakar, na ga ƙunshi biyu ne a ciki, ba ɗaya ba. Da na gane tsumman atamfar da Yaya Rabi ke ɓoye nata rabon a ƙasan kwanoninta, sai na san abin da ya kawo shi.

"Ta ba ka?" na ce.

"Ta ba ni. Ita ma ɗiyar Baba ce, ita ma an zage ta. Saura kai."

"Yaya, mi za ka yi da ita?"

"Nuna mishi zan yi. Shi gani da idonshi ubanmu ba takalmi kaɗai ya goge ba. In ya ga bakinta, da hannunshi za ya maida gambar."

"In nunawa ce, wanga harsashin na mine ne?" na ce, don na hango su a ƙasan jakar, ƙunshe cikin leda. Ban tambaye shi inda ya samo su ba, har yau ban sani ba.

"Auta, ban zo shawara ba. In ba ka haɗawa, riƙe kwalinka. Akwai maƙeri a hanyar Mayahi mai yi ma maharba aiki, za ya ƙera mani abin da ya rage. In shi ma ya ƙiya, in saida bijimina in sayi wadda ba ta buƙatar kowa."

Gaba kura, baya sayaki. In na ƙi, bindiga mai tashi zai samu a hannun wanda bai san mu ba, bai kuma san Idi ba. In na ruga wurin jandarma, na ɗaure yayana da hannuna, na haɗa da Rabi, kuma wannan ba abin da za a wanke mini ba ne har jikoki. In kuma na haɗa ta yadda Baba ya koya mini, to na san wanda zan miƙa wa. Yaya Ilya mutum ne mai kirki, ya goya ni a wuyansa ya tsallake tafki da ni, amma tun muna yara bai taɓa ɗaga wa jaki sanda ya sauke ta haka nan ba. Idi kuwa, duk da bakinsa, jinin kakanmu ne, da matarsa da 'ya'yansa masu jiran ya dawo daga gona. Na tashi, na zauna, na sake tashi, na je bakin randa na sha ruwan da ba na jin ƙishinsa. Yaya yana bina da ido. Ana cikin haka aka kira azahar.

"To, Yaya, na yarda," na ce. "Tahi masallaci, ni zan tsaya in goge tsatsa, in rama daga baya. Aikin ba ya son a katse shi."

Yana fita na shimfiɗa farin ƙyalle, na kwance ƙunshin biyu, na ɗauko kwalin ashanata daga cikin akwati. Na jera su daga hagu zuwa dama kamar Baba yana zaune a gefena. Warin tsohon man ya tashi, sai na ji idona ya ciko. Rabon Yaya Ilya ya yi tsatsa don a saman rumbu ya soke shi, na Rabi kuwa fes, har da ƙanshin turaren wuta. Na jiƙa tsumma da kananzir na yi ta gogewa. Daga nan na shiga bayan ɗaki inda wata tsohuwar tayar keke ke jingine, na karyo tsinke ɗaya daga cikinta. Na ajiye shi kusa da allurar Baba, na yi ta gurza shi da zarto har ya yi kama da ita, sai dai na rage masa tsawo kaɗan, yadda ko an ja kunama ba zai kai ga harsashi ba. Lissafina ɗaya ne. In nunawa zai yi kamar yadda ya ce, har abada ba zai san bambanci ba. In kuwa ya sani, to ba nunawar ya yi ba.

Ina cikin gurzar uwarku ta shigo da kwanon furar baƙo. Ta tsaya a kaina, ta dubi ƙyallen. Ita ba ta san bindiga ba, amma ta san abin da ke cikin kwalin ashanar nan, don ita ke kwashe shi duk lokacin da za ta share akwati.

"Malam, ba allura guda Baba ya ba ka ba?"

"Guda ce."

Ta dubi ƙofar zaure, ta dube ni. Ta ajiye furar, ta sunkuya ta nuna ta hagun da yatsa.

"Wagga ce ta Baba?"

Na ɗaga kai alamar e. Ta ɗauke ta, ta ƙulle a gefen zaninta inda take ƙulle goro, ta juya.

"Ni dai hura na kawo, ban ga komi ba," ta ce, ta shige ciki.

Wannan ita ce matar da kuka ji an ce ta raba 'yan'uwa.

Yaya ya dawo ya zauna dab da ni, numfashinsa a wuyana. Na fara kwashewa daga dama zuwa hagu. Akwai wani ɗan murɗaɗɗen ƙarfe mai tsalle da tun ina yaro yake ba ni wahala, ran nan ma ya kuɓuce ya shige ƙarƙashin tabarma, muka yi ta lalube mu biyu da gwiwoyi kamar masu neman ƙuma. Shi ya gano shi, ya miƙo mini, har ya ɗan yi murmushi, murmushin ƙarshe da na gani a fuskarsa na tsawon shekaru. Da na zo kan allurar sai hannuna ya tsaya. Ku fahimce ni, ni mai gyara ne. Ban taɓa mayar wa mutum abinsa na ce ya gyaru alhali na san bai gyaru ba, ko tocilar yaro ce. Na ji kamar Baba yana cewa ƙarfe ba ya ƙarya, mai hannu ke yi. Na ce a raina, to Baba, yau mai hannun zai yi, ka yafe. Na sa tsinken keken, na rufe, komai ya shiga gurbinsa da ɗan ƙara mai daɗin ji. Ta yi kyau, wallahi, kamar ran da ya dawo da ita.

"Ta haɗu?" in ji Yaya.

"Ta haɗu."

"Bari in gwada guda bayan gari."

"Jandarma na nan kusa, Yaya, kuma yau kasuwa. A Tchaké kuwa in ka gwada, kahin ka iso gida Idi ya ji. Kuma ai nunawa ka ce."

Ya tura ta cikin jaka. Furar ma bai sha ba, ya bi motar 'yan kasuwa mai komawa Mayahi.

Na zaci in ya tafi zan samu natsuwa. Ina! Na koma tebur na buɗe rediyon da na bari, na zauna ina kallonta kamar ban taɓa ganin rediyo ba. Na rufe na dawo gida, na fita, na dawo, ina zagaye tsakar gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai. A cikin zagayen ne wani tunani ya faɗo mini wanda duk dabarata ban hango shi ba. Na tsare Idi daga Yaya, to wa zai tsare Yaya daga Idi? Idi ba mutum ba ne mai gudu, kuma manomi ba ya zuwa gona hannu rabbana. Na ba yayana mataccen ƙarfe, na ce masa ya haɗu, na tura shi gaban ƙato mai hauya. Tuwo bai shiga bakina ba ran nan. Ana idar da asuba ina tasha, ina yi wa direba masifa don ya ƙi tashi sai mota ta cika, har ya ce mini in sauri nake in hau ƙafata. A Mayahi na kama ɗan kabu-kabu, isans, wato man fetur, ya ƙare mana a hanya, muka tura babur cikin rairayi har wani ƙauye inda ake sayarwa a kwalba. Duk wanda muka gamu da shi daga wajen Tchaké sai in zuba wa fuskarsa ido, ina neman alamar ko an yi mutuwa. Ban shiga gari ba, na ce ya sauke ni a hanyar gona, na ƙarasa da gudu, ni da ko yaro ban saba bi da gudu ba.

A gindin gawon na same shi, shi kaɗai, rana ta take. Yana zaune ya jingina da itacen, ya naɗe hannunsa na dama da rawani, rawanin ya jiƙe da jini. Bindigar na yashe cikin ƙasa a gabansa. Na duba gabas na duba yamma, ba gawa, ba kowa, sai sawun mutum da ya nufi gari. Na durƙusa ina hamdala a bayyane. Ya ɗago ido ya dube ni, irin kallon da ban taɓa gani ba, ba na kuma fatan ku gani daga ɗan'uwanku.

"Kai ka haɗa ta," ya ce.

"Ni na haɗa."

"Ka ce ta haɗu."

"Kai ma ka ce nunawa za ka yi, Yaya."

Shi ke nan maganar. Ya san na san, ni ma na san ya sani. Na kai hannu in duba masa ciwon, ya ture ni da kafaɗa, ya dafa gawon ya miƙe.

"Daga yau ba ni da ƙane a Tasawa," ya ce, ya kama hanyar gari yana tangaɗi.

Na zauna a wurin na cire hulata, na warware bindigar a cikinta, wannan karon ba hagu ba dama. Akwai wata tsohuwar rijiya da ta rufta a bakin hanya, a ciki na zube su, na tura ƙasa da ƙafa. A gari aka ce amalanke ce ta faɗo masa a hannu. Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma yatsun suka ƙage a lanƙwashe, bai sake riƙe hauya da kyau ba. Manomin da ba a taɓa shan gabansa a kuyyar noma ba ya koma zaman inuwa yana kallon 'ya'yansa na noma. Bayan kaka mai gari ya kira zama, Yaya ya ƙi zuwa, gawon ya tabbata na Idi. Wannan hannun da kuka ji ana faɗi na Baba Ilya, a nan ya samo shi, kuma ban taɓa cewa ba ni da hannu a ciki ba. Amma da za a maido ni zauren nan, tsinken keken zan sake sawa.

Kun ga dalilin da ya sa ba wanda ya iya faɗin abin da ya haɗa mu. Shi in ya ce na ba shi bindigar da ba ta tashi, za a tambaye shi yadda aka yi ya san ba ta tashi. Ni in na wanke kaina, na tona masa asiri. Sai muka bar wa mutane fili suka yi ta shuka abin da suka ga dama. Na yi ta aika masa goron sallah yana dawowa. Da na je wa Rabi da fushina a Gidan Amumune, na ce mene ne ya sa ta miƙa nata rabon, ko ɗaga kai ba ta yi daga tankaɗen da take ba.

"Na ba shi nawa don na san naka na hannunka," ta ce.

Wato kowa ya sauke kayansa a kaina ya tafi ya yi barci. Ran jana'izarta ni da Yaya a sahu ɗaya muka tsaya, kafaɗa na gogar kafaɗa, aka shafa fatiha ya juya ya tafi.

Yadda aka yi a gindin gawon kuwa, daga bakin Idi da kansa na ji, bayan shekaru. Ya kawo mini rediyo gyara, ya ja kujera ya matso, ya rage murya.

"Kai Auta, ba ka san komi ba. Ɗan'uwanka ya taɓa auna ni da bindiga, nan ga ƙirji. Ya ja, ƙas! Ba ta tashi ba. Ni ko na sakar mishi ƙotar hauya ga hannu." Ya naɗe hannun riga ya nuna mini wani kambu da ya yi baƙi don tsufa. "Wanga ne. Wani malami ya yi mani shi. Ni ƙarhe ba ya cina."

Na dubi kambun, na dubi mutumin da na yi asarar yayana don ya ci gaba da numfashi, na ce Allah ya ƙara tsarewa. Har ya mutu yana yi wa malaminsa godiya. Na so in bar masa waya ɗaya a sake cikin rediyon, hannuna ya ƙi.

Gemuna ya riga ya yi fari lokacin da babban ɗan Yaya ya kira ni a salula. Ya ce jikin tsohon ya yi nauyi, kuma ya ba shi saƙon da bai gane kansa ba, wai in zo da kwalin ashana. Uwarku na jin haka ta tashi ta buɗe akwatinta ta ɗauko, don tun ran nan a can ta adana allurar cikin kwalinta. Na same shi da hantsi a kwance kan tabarma a inuwar ɗakinsa, ya zama ƙashi da fata. Ya kori kowa. Ban san ta inda zan fara ba, sai na buɗe kwalin na sa masa allurar a hannun nan lanƙwasasshe. Yatsun suka kasa riƙe ta, ta zame ta faɗi kan tabarma. Na tsince ta na ɗaga masa ya gani.

"Ɗan wanga abin?" ya ce.

"Shi ne, Yaya."

Ya daɗe yana kallonta.

"Na ja, Auta. Ba nunawa na yi ba. Na ja, da ta ƙiya na sake ja."

"Na sani."

"Da ka sa ta, da hannuna na lahiya lau."

"Da yana lahiya," na ce, don gaskiya ce, kuma ban zo in yi masa ƙarya ta biyu ba.

Ya ɗaga hannun a hankali ya kai shi gaban fuskarsa, yana juya shi kamar yau ya fara ganinsa.

"Da kuma ban san yadda zan ɗaga shi gaban Allah ba," ya ce.

Na yi kuka, ina tsoho da ni, har ya tsawata mini ya ce in daina tara masa mata, in ɗauko furar can in dama mana, kuma kada in cika ruwa kamar yadda na saba. Muka sha a ludayi ɗaya, ni nake kai masa baki. Bai kai Juma'a ba.

Allurar na nan cikin kwalinta a akwatin uwarku, ba ta da sauran abin da za ta shiga. Ku kuma ku shirya ku je Tchaké, 'ya'yan Baba Ilya ba su yi muku komai ba, ku ma ba ku yi musu ba. Gawon yana nan cikin gonar 'ya'yan Idi, ya ƙara girma. Kada wanda ya tayar da maganarsa. In kun bi ta wurin rana ta yi zafi, ku sha inuwarsa ku wuce.